Mangalar Keke

Ranar Talata, a kan gadar nan ta Groningen,
ledar da na rataya a hannun keke ta faɗa cikin taya.
Ƙwai goma sha biyu. Ɗaya ne ya tsira.
Na tsaya ina kallon gwaiduwa tana bin tsagar duwatsu,
masu keke suna ratse ni, kowa da ƙararrawarsa.
Ba wanda ya ce sannu.
Iskar teku ce kaɗai ta tanka.

Shekara tara ina wannan hanya:
kilomita shida zuwa gidan kula da tsofaffi,
inda nake juya marasa ƙarfi a gado,
shida komowa, dankali a gadon baya, kafaɗa tana kuka.
Na ce yau an gama.
Jaki ma ba ya fita sai da mangala.

A shagon Douwe, mai warin roba da baƙin mai,
ya sauko min da wasu jajaye, suna sheƙi kamar an lashe.
"Ko a ruwa kika faɗa, burodinki ba zai jiƙe ba."
Na juya takardar farashi:
yuro ɗari da arba'in.
Na mayar a hankali, yadda ake mayar da jaririn mutane.

Akwai na sha biyar a babban kanti, masu zanen furanni.
Maƙwabciyata Hilje ta saya bara.
Kafin sanyi ya wuce zif ya saki baki,
ruwa ya kwana a gindi, sukarinta ya koma maɗi.
Araha ba ta ado,
amma tsada ma ba ta biyan kuɗin haya.

Douwe ya goge hannu a tsumma.
"Bar kallon launi. Dubi ƙugiya, ƙarfe ce ko roba.
Ja ɗinki ki ji ko zai yi magana.
Sannan ki hau ki taka feda:
in diddigenki ya taɓa jaka sau ɗaya,
to kullum safiya za ku yi faɗa."

Ya shige ciki, ya daɗe.
Ya fito da wasu na tamfol, ruwan toka,
gefe guda da faci, ɗinkin hannu, zare bai dace ba.
Na wani dattijo ne, Sietse,
gwiwa ta raba shi da hawa.
Ashirin da biyar. Na ce ashirin.
Ya ce shi bai iya ciniki ba,
amma ya ɗaura min a kariya, ya ƙara maɗauri kyauta.

Na koyi abin da ba a rubuta a takarda ba:
madara hagu, dankali dama,
in ba haka ba keke ya riƙa jan ki wajen ruwa.
Takalman aiki ƙasa, kabeji bisa,
ƙwai cikin rigar sanyi, kamar mai zazzaɓi.
Yayyafi ya bi ni har ƙofa.
Na buɗe. Cuku a bushe.

Sai daren Lahadi, ina kakkaɓe yashi,
yatsana ya ci karo da takarda a ƙaramin aljihu,
ta yi laushi don ninki.
Rubutun fensir, hannu yana rawa:
albasa, kifi, maganin tari,
furanni na Tjitske, rawaya, ba fari ba.
An ja layi a kan uku.
Na huɗun yana nan.

Ban san Tjitske ba.
Ban san ko tana jira a taga ba, ko a ƙarƙashin ciyawa.
Na ninke, na mayar inda na samu.

Yanzu duk Asabar, in na gama cefane,
sai in ga gefen dama ya cika,
na hagu kuwa na bar wuri a sama,
faɗin tafin hannu,
ban kuma ce wa kowa don me ba.